Allon da Zai Yi wa Jama'a Magana a Gidajen Tarihi

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, da yawanmu mun taɓa raka iyaye ko ƙanne zuwa gidan tarihi, mun kuwa ga abin da kan faru. Dattijo ya tsaya gaban sulke ko tsohuwar ƙyauren ƙofar gari, ya ƙura wa 'yar takardar da aka manna da Turanci ido, sa'an nan ya juyo ya ce, "Ɗana, me suka ce?" In babu ɗan boko kusa, sai ya wuce bai sani ba, alhali kuwa kayan kakanninsa ne.

Muna ganin maganin wannan bai fi ƙarfinmu ba. Tun da kamfanin Apple ya fito da iPad a 2010, watau kwamfuta mai siffar allo wadda akan sarrafa da yatsa, irinta masu araha na Android suka cika kasuwa. Ana iya kulle allon a kan shafi guda, yadda yaro mai ƙiriniya ba zai bar bayani ya shiga wasanni ba, a sa shi cikin akwatin ƙarfe, a kafe a bango. Haka kantuna da yawa ke yi don mai saye ya duba farashi da kansa. A 2013 gidan zane-zane na Cleveland a Amurka ya kafa bangon taɓawa mai tsawon ƙafa 40. Mu ba wannan ƙasaitar muke nema ba.

Abin da muke nema murya ce. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano ya taɓa allo, ya ji da Hausa labarin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wanda ya je gidan tarihi na Jos, da aka buɗe a 1952, ya ji yadda masu haƙar kuza suka tono gumakan yumɓu a Nok a 1928. Mai karatun ajami ya ga ajami, marar karatu ya saurara.

Za a ce mana wuta. To, allon yana da batir mai ɗaukar sa'o'i, ƙaramin farantin hasken rana kuwa ya ishe shi. Ƙurar hunturu da zafin bazara sun fi ba mu tsoro, don zafi kan kashe batir.

Amma babban tsoronmu kwangila ce: a sayo alluna, a yanka kyalle, a yi tafi, a bar su babu kome ciki sai hoton shugaba. Sayen na'ura aikin yini ɗaya ne. Rubuta bayani sahihi, da tantance shi, da ɗaukar murya mai daɗin ji, shi ne aikin watanni, kuma ɗaliban sashen Tarihi da na Hausa su suka fi cancanta da shi lokacin dogon hutu. Muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta kai wannan magana gaban shugabannin sassan biyu. Ku kuma da kuke ofis, in takardar ta iso teburinku, ku tabbata an ware kuɗin sauya gilashin da ya fashe da na ma'aikacin da zai riƙa goge allon kowace safiya.