A BAR WA TSUNTSAYE GORARSU HAR KAKA

Duk wanda ya bi bakin rafi a ƙasar Arikya, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya, da farkon damina, zai tarar da kurmin gora ya cika da hayaniyar tsuntsaye. Lokacin sheƙa ke nan. Abin takaici, lokacin ne kuma ake shiga da adda ana saran gora don kafa wa doya sanda da gyaran jinka.

Dubi kabare. Namijin ne ke yago ganyen ciyawa ko na kwakwa, ya saƙa sheƙa cikin kamar yini guda, ƙofarta na duban ƙasa. Macen ta zo ta duba. In ba ta yi mata ba, sai ya warware ya sake wata. In ta yi mata, ta shimfiɗa ciyawa mai laushi ta saka ƙwai 2 ko 3. Kwanci kwana 12 ne ko sama kaɗan, 'ya'yan kuma sai sun kusa mako 3 kafin su tashi. Ragon maza kuwa can cikin duhuwa yake ɓoye tasa sheƙar. Sara ɗaya ya isa ya zubar da wahalar wata guda.

Manomi zai ce ai kabare ɓarawon shinkafa ne da dawa. Gaskiya ne. Amma da ƙwari da tsutsa ake ciyar da 'ya'yansa, ragon maza kuma abincinsa fara da ƙadangaru. Wanda ya kore su ya yi wa ƙwarin gona biki.

Ba cewa ake a daina saran gora ba. A sare ta da rani a ajiye, ta ma fi ƙarko. A zaɓi wadda ta shekara 3, a bar matasa, a kuma hana cinna wa kurmi wuta don farautar gafiya.

Wannan aiki ne na dagatai da masu unguwanni da malaman daji na Jihar Nasarawa. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 1 ga jerin sababbin jami'o'in 2011, ita ma sai ta tura ɗalibanta su rubuta irin tsuntsayen da ke hayayyafa a wurin, da sunayen da mutanen gari ke kiransu, tun dattawan da suka san su suna raye.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa a ji.