Na'ura ta zo, amma kada a yar da takarda

Jama'a, daga 2014 zuwa 2015 cibiyar Epicentre ta gwada rigakafin zawon yara a gundumar Madarunfa, aka bi lafiyar jarirai fiye da 3,500. Irin wannan bincike, rubutu ne jarinsa. Takarda kuwa gara na cin ta, mai kwafewa na kuskure. Na'urar hannu takan ƙi adadin da bai yi daidai ba tun gaban uwa, ta aika da bayani Maraɗi ran nan. Saboda haka mu karɓe ta. Amma uwa ba ta zuwa gida da na'ura. Wajibi ne hukuma ta bar wa kowane yaro katinsa a rubuce, wanda ɗalibin yaƙi da jahilci zai iya karantawa. Abin da aka ɗauka gare mu, a bar mana shaidarsa.