Raddi Ga Mai Cewa Duk Mai Jin Muryoyi Aljanu Ne Suka Shige Shi

Wani malami da nake ganin girmansa ya yi bayani a wata majalisa a Jimeta bayan sallar isha'i, ya ce ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya babu shi, shafar aljanu ce aka raɗa wa sunan boko. Allah gafarta Malam, samuwar aljanu ba abin jayayya ba ne tsakaninmu. Hujjojinka uku nake ja da su.

Ka ce ba a ganin ciwon a jini ko a hoto, saboda haka shaci-faɗi ne. Gaskiya babu gwajin jinin da ke nuna shi, amma ciwon kai na ɓari guda ma haka yake, ba wanda ya taɓa ƙaryata mai shi. Kuma likita da ƙa'ida yake aiki. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sharɗanta alamomi biyu aƙalla, su daɗe wata guda ko fiye, ɗayarsu daga cikin manya: jin muryoyin da babu mai yin su, kafewa a kan zaton da hujja ba ta kawar da shi, kamar cewa maƙwabta na zuba masa guba, zance mara kan gado, ko jin cewa wani na sarrafa tunaninsa.

Akwai kuma alamomin da ba sa hayaniya, waɗanda bayaninka bai taɓo ba. Saurayi ɗan shekara 20 ya daina buɗe shagonsa a kasuwar Jimeta, ya bar wanka, fuskarsa ba fara'a ba fushi, ya yi watanni a ɗaki. Ba ya faɗuwa, ba ya ihu in an yi masa karatu. Gida a ce lalaci ne, a tauye masa abinci. Kafin likita ya ambaci sunan ciwon sai ya kore zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da farfaɗiya, da wiwi, da tiramadol, domin duk suna iya ruɗa mutum. Abin da ake ɗiban jini dominsa ke nan. Wane mai ruƙiyya ne ke wannan tankaɗe da rairaya?

Ka ce ciwon Turawa ne. Sunan dai nasu ne, Eugen Bleuler na Suwizalan ya ƙirƙira shi a 1908. Amma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bincike a birane tara, ciki har da Ibadan, Landan da Mosko, alamomin iri ɗaya aka tarar. Ƙiyasinta na 2022 kuwa mutum ɗaya ne cikin 300 a duniya. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira wajen 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, a garin da Azhar take.

Ta ukun ita ce mai ƙarfi: ka ga waɗanda suka sami sauƙi bayan ruƙiyya. Ban ƙaryata idonka ba. Sai dai ɗabi'ar ciwon ke nan, ya lafa ya dawo, kuma wanda nasa ya dawo sau da yawa ba wurinka ake mayar da shi ba, gidan mari ake kai shi. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya haɗa kai da masu maganin gargajiya a Aro ta Abeokuta, bai bar maganin asibiti ba. Abin da ke cutarwa shi ne jinkiri, don gwargwadon daɗewar mutum ba magani, gwargwadon wuyar farfaɗowarsa.

Roƙona, Malam, in an kawo maka irin wannan yaro ka yi masa addu'a, sannan ka ce a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. A tafi da wanda suke kwana gida ɗaya, domin za a tambayi yaushe abin ya soma, da abin da yake sha.