Barkono Magani Ne, Amma Ba na Ido Ba

A hutun da ya wuce na ga wani abu a unguwarmu wanda har yanzu bai fita raina ba. Wani ɗan maƙwabtanmu, bai fi shekara uku ba, zazzaɓi ya yi masa tsanani har ya shiga jijjiga. Kafin a samo mota, sai wata tsohuwa ta ce a kawo garin barkono a zuba masa a ido, wai shi zai farkar da shi. Aka kuwa zuba. Bayan 'yan mintoci jijjigar ta tsaya, kowa ya ce barkono ya yi aiki. Amma da aka kai shi asibiti, an gama da zazzaɓin da kwanaki ana nan ana jinyar idon. Ran nan ban ce uffan ba, don yaro ba ya tsoma baki cikin maganar manya. Shi ya sa na kawo tawa maganar nan, inda iyayenmu ma za su karanta.

Ba na musun cewa barkono magani ne. Sai dai ya kamata mu san yadda yake aikinsa. Abin da ke sa shi yaji wani sinadari ne da ake kira kafsaisin. A bakin jijiyoyin da ke kai labarin ciwo zuwa ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar ƙofa da masana suka sa wa suna TRPV1. Aikinta gadin zafi ne. In abu ya wuce digiri 43, kamar shayin da aka sauke yanzu, sai ta buɗe, jijiya ta aika cewa ana ƙonewa. To, kafsaisin yana da makullin wannan ƙofa. Da ya taɓa ta sai ta buɗe, ƙwaƙwalwa ta ɗauka wuta ce, alhali kuwa babu wuta. Shi ya sa mai cin tsire da yaji yake gumi ko da naman ya huce. Wani masani na ƙasar Amurka, David Julius, shi da abokan aikinsa suka gano ƙofar a shekarar 1997, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Ita ƙofar tsuntsaye makullin ba ya buɗe ta, wanda kuma ya taɓa korar kaji daga shanyar barkono ya ga shaida.

Abin mamakin shi ne, wannan mai jawo ciwo shi ne kuma mai kashe shi. In aka bar ƙofar a buɗe ta daɗe, sai bakin jijiyar ya gaji, ya daina kai labari na wani lokaci. Da wannan dabara ake yin man shafawa mai ɗan kafsaisin kaɗan domin masu ciwon gaɓoɓi. A shekarar 2009 kuma aka yarda da wata filasta mai ƙarfi, kashi 8 cikin 100, saboda masu ciwon jijiya. Ana liƙa ta kamar awa ɗaya, sauƙin ya kan kai wata uku.

Sai ku lura da yadda ake sa ta. A asibiti ake yi, ma'aikaci ya sa safar hannu, ba a ɗora ta kan miki, kuma abin da aka fi tsoro shi ne ta kusanci ido. Watau mutanen da suka auna ƙarfin barkono, su ne suka fi kiyaye ido daga gare shi, mu kuwa mu ɗebo da hannu mu zuba wa ɗan yaye! Jijiyoyin ido sun fi na fata yawa nesa ba kusa ba, azabar da yaron ya sha kuwa Allah kaɗai ya san iyakarta. Sa'an nan jijjigar zazzaɓi galibi da kanta take tsayawa cikin 'yan mintoci, ko an zuba ko ba a zuba ba. Barkono dai ya tarar da aiki ya ƙare, ya karɓi yabo. Abin da likitoci suka ce a yi shi ne a kwantar da yaro a kan gefensa, a sassauta masa tufafi, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, sa'an nan a yi maza a kai shi asibiti.

Na san wani zai ce ga 'yan boko nan sun fara raina abin kaka da kakanni. Ni ban raina ba, kuma a ɗakin cin abincinmu babu wanda ya kai ni ɓoye ƙullin yaji a aljihu ranar wake. Amma shi kansa barkonon baƙo ne. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, sai bayan shekarar 1492 jiragen Turawa suka yaɗa shi, har ya iso ƙasarmu. Kakanninmu suka gwada shi, suka riƙe abin da ya yi amfani. In yau an gane wani gwajin yana cutarwa, barinsa ba raini ba ne.

Kafin in dawo makaranta na zauna na yi wa Inna wannan bayani tana tankaɗen gari. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce ita za ta je ta gaya wa tsohuwar da bakinta, don daga bakina ba za ta karɓa ba.