TITIN GWARZO: A TUNA DA MAI TSALLAKAWA



Wannan takarda ta mutanen gefen titin Gwarzo ce, tun daga Rijiyar Zaki da Rimin Gata da Ɗanbare, har Janguza da Tofa da Rimin Gado, da ƙauyukan da ke bayansu waɗanda ba su da hanyar shiga birni sai wannan. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa ko a zaure. A kuma shiga da ita cikin gida mata su ji, domin su ma masu ƙuri'a ne, kuma 'ya'yansu ne ke tsallaka titin nan safe da yamma.

Ni mai wannan rubutu shekara biyar na yi ina koyar da lissafi a wata firamare da ke bakin titin, kafin in ajiye alli in shiga aikin jam'iyya. Rabin yaran ajina a ɗaya gefen titi gidajensu suke. Kullum da safe ni da wani malami mukan tsaya da jan ƙyalle a hannu, mu tara yara goma-goma, mu ɗaga wa motoci hannu. Wani direba ya tsaya, wani ya danna ham ya wuce. Ran nan muka makara. Wata yarinya 'yar aji uku ta gaji da jira ta sheƙa ita kaɗai, mota ta ɗebe ta. Allah ya yi da sauran kwana, amma sai da ta yi wata huɗu a kwance da karaya, kuma daga nan babanta bai sake barinta ta tsallako ba. Karatunta ke nan ya ƙare, alhali ga jami'a can tana hangen gininta daga ƙofar gidansu. Abin da ya fitar da ni daga aji ke nan.

JAMI'A ALHERI CE

Kada wani ya karkatar da zancena. Mu ba ma faɗa da jami'a. Jami'ar Bayero ta faro ne a 1960 a matsayin 'yar ƙaramar kwaleji a cikin birni. A 1962 aka sa mata sunan Sarki Abdullahi Bayero, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a 1977 kuma ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Da tsohon mazauninta ya yi mata kaɗan sai aka gina sabo a nan titin Gwarzo, inda iyayenmu suka sani gonaki ne da makiyaya. Yau ɗalibanta dubun dubata ne. A cikinsu akwai 'ya'yan manoma da kakanninsu ba su taɓa riƙe fensir ba. Mai nono tana ciniki, mai kayan miya yana ciniki, birkila da kafinta da leburan gini suna samun na tuwo. Wanda ya ce wannan ba alheri ba ne bai faɗi gaskiya ba.

Amma fa duk inda mutane suka taru, ababen hawa za su biyo su. Aka yanka gonaki aka sayar da filaye, wasu da takarda, wasu awon igiya. Gidajen hayar ɗalibai suka tashi, tifofin yashi da na dutse suka yi yawa. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a 2013 sai 'yan A Daidaita Sahu suka ninka. Ga motocin haya na Gwarzo da Kabo da Ƙaraye, ga manyan motoci masu bi ta Dayi zuwa Jihar Katsina. Duka a kan titi ɗaya, kuma a kansa ne mai amalanke da mai kura da mai jaki da ɗan makaranta suke neman wurin sa ƙafa.

Gwamnatoci sun yi aiki, ba mu musa ba. An yi gadar ƙasa a Kabuga, an faɗaɗa titi, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba da kwangilar tagwaita shi har Dayi. Madalla. Tambayarmu guda ce: da ake zana aikin, an tuna da wanda zai tsallaka, ko kuwa mai wucewa kaɗai aka duba?

ƊAN LISSAFI KAƊAN

Ku yi haƙuri da halin malanta, bari in yi muku lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Watau kafin ka ce "innalillahi" ta shafe tsawon fuloti biyu. In direba ya ninka gudunsa sau biyu, nisan da motar za ta ja bayan ya taka birki yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa dokar hanya ta Nijeriya ta ce a cikin gari kada ƙaramar mota ta wuce kilomita 50 a awa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce inda mutane ke cuɗanya da motoci, kamar ƙofar makaranta da kasuwa, 30 ya kamata.

To ga inda gizo ke saƙar. Titi in ya yi faɗi ya yi santsi, direba gani yake ya bar gari, sai ya saki mota. Alhali wuraren da dā daji ne yanzu unguwanni ne cike da yara. Titin ya zama na cikin gari, gudun da ake yi a kansa na daji ne.

Sannan duk inda aka tagwaita titi akan sa dakalin kankare a tsakiya, wurin juyawa kuma ya yi nisa. Mai mota ba ruwansa, ya ƙara taka mai kaɗan ya juyo. Manomin da gidansa ke kudu gonarsa ke arewa fa? Da shanun huɗa da amalanken taki ba zai haura dakali ba. Ko dai ya yi dogon zagaye rana ta take, ko ya bi hannun da ba nasa ba ya sayi rai. Gadar sama mai matakala tana da amfani ga ɗalibi mai jini a jika, amma ku gaya mini yadda jaki zai hau ta, ko mai kurar ruwa, ko gyatumar da ke ɗauke da ƙwaryar nono tana fama da gwiwa. Ga kuma ruwa: in aka ɗaga titi ba a yi wadatattun kwalbatoci ba, da damina ta sauka sai ruwa ya rasa mafita, ya koma gidajen ƙasa da gonakin gefe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, mutane da yawa sun koma tafiyar ƙasa da keke. Masu tsallakawa ƙaruwa suke yi.

KU SAN HAƘƘINKU A KAN ƘASA

Faɗaɗa titi da faɗaɗa makaranta duka ƙasa suke ci, kuma ƙasar talaka ce a kan gaba. Saboda haka ku saurara da kyau. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta ba shi ikon karɓar fili don aikin jama'a. Amma dokar nan ta ce sai an ba mai wurin sanarwa. Ta ce a biya diyyar abin da ke kan ƙasar, watau gini da shuka da itatuwa masu amfani. Ta kuma ce manomin karkara da aka karɓe wa gonar da yake nomawa bisa al'ada, Ƙaramar Hukuma ta ba shi wata a madadinta. Mutane da yawa ba su san wannan ba, shi ya sa ake cin su da baki.

Saboda haka in kun ga masu awo sun zo da jan fenti, kada ku ɗauki sanda, kada kuma ku yi shiru. Ku ƙirga mangwaro da ɗorawa da kuka da ke gonarku a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta. Yaro mai waya ya ɗauki hoto. Kada ka dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta maka ba. Kada ka yarda wani dillali ya saye gonarka da araha don ya ji ƙishin-ƙishin titi zai biyo ta nan. Ku je ku ashirin tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

WA ZA A TAMBAYA?

Wata dabarar da ake yi mana ita ce tura-ta-kai. Ka je wurin wannan ya ce titin Tarayya ne, ka je wurin wancan ya ce ba a sakar masa kuɗi ba. Bari in warware muku. Babban titi da kwangilarsa, Sanata da ɗan Majalisar Wakilai su ne bakinku a Abuja, su ke zama a kan kasafin kuɗi. Maganar ƙasa da diyya da tsarin gari da masu kula da zirga-zirga irin su KAROTA, wannan ta Gwamna ce da ɗan Majalisar Jiha. Tsarin Mulki kuma ya ɗora wa Ƙaramar Hukuma kula da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da tashoshin mota da kasuwanni, kuma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kowa da nasa kason. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi nasa.

ABIN DA JAM'IYYARMU TA ƊAUKA

Ba za mu ce muku za mu shimfiɗa kwalta har ƙofar kowane gida ba, kun gaji da jin irin wannan. Ga abubuwa shida da 'yan takararmu na wannan yanki za su tsaya a kai:

1. A kowace makaranta da kasuwa da masallacin Juma'a da ke bakin titi, a sa tudun rage gudu irin na injiniya da zanen tsallakawa da allon gargaɗi, da ma'aikaci mai albashi da zai tsallakar da yara safe da rana.

2. A bar mashiga mai faɗi a daidai tsofaffin burtalai da hanyoyin gona, inda shanu da amalanke za su bi, ko ta ƙasan titi ko ta wurin juyawa na kusa.

3. A keɓe wa 'yan A Daidaita Sahu da motocin haya wurin lodi a gefe, su sauka daga kan kwalta. Su ma neman halal suke, wurin tsayawa suka rasa. A yi wa masu tallan bakin titi rumfuna kafin a ce su tashi.

4. A sa wa tifofi da manyan motoci lokaci, kada su bi ta gaban makarantu a sa'ar shiga da ta tashi.

5. A gyara hanyoyin ƙasa da ke haɗa ƙauye da ƙauye, da kwalbatocinsu, don mai zuwa gona ko kasuwar maƙwabta ba sai ya hau babban titi ba.

6. Kafin a fara kowane sabon aiki, a zauna da dagatai da masu unguwanni da wakilan manoma da makiyaya da mata da direbobi da hukumar jami'a, a baje taswira a yi bayani da Hausa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A jami'ar nan akwai injiniyoyi da masana tsarin gari, maƙwabtanmu ne, su ma titin suke bi. A nemi shawararsu.

Ku adana wannan takarda a ƙasan akwati. In Allah ya ba mu nasara, shekara ta zagayo ba ku ga an fara ba, ku fito da ita ku same mu da ita a ofis. Ni ma a cikinku nake kwana, ba inda zan gudu.

RANAR ZAƁE

Na san akwai masu cewa ƙuri'a ba ta gyara komai. Ku tambayi dattawanku yadda ake gudun masu karɓar haraji da jangali a dā. A 1979 talakawan Kano suka fita suka zaɓi Alhaji Abubakar Rimi, gwamnatinsa ta soke su. Da yatsa aka yi wannan aiki, ba da gora ba.

Za a zo muku da taliya da sabulu da turmin atamfa ana gobe zaɓe. Taliya kwana biyu ce. Titin da aka zana ba da ku ba, jikokinku ma sai sun tsallaka shi. Wanda ya karɓi dubu biyu ya sayar da bakinsa na shekara huɗu, in ya je kuka a ce masa ai an biya shi.

Saboda haka, Malam, ka nemo katin zaɓenka tun yanzu, ka tabbata na uwargida da amarya da samarin gida suna nan. Inna, ki fito da wuri ki kama layi. Samari, kada wani ya ba ku ƙwaya da makami ku tare wa iyayenku hanya, 'ya'yansa ba sa cikinku. Ku duba alamar jam'iyyarmu da ke bangon wannan takarda, ku dangwala a daidai nan, ku tsaya lami lafiya har a ƙirga a gabanku.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a kan hanya, ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya. Amin.

Naku,
Sakataren Tsare-tsare na Yanki