Tocilar N2,500 da daren da zazzaɓi ya kama Auta

 A wannan makon zan ɗan kauce wa zancen cuta da magani, mu tattauna a kan wani ƙaramin abu da kusan kowane gida ke da shi, amma ba a cika lissafa shi cikin kayan kula da lafiya ba, wato tocila, ko cocila kamar yadda wasunmu ke faɗa.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanakin baya ina cikin cunkoson motoci a hanyar komawa gida Agege, sai wani yaro mai talla ya miƙo mini tocila ta taga. Baƙa ce mai sheƙi, irin ta caji, a jikin kwalinta an rubuta lumen 10,000 da manyan baƙaƙe. Ya kunna ta ya haska tafin hannunsa, na ga haske fari fat. Muka yi ciniki muka daidaita a N2,500. Da na isa gida na cika ta da caji, muka yi amfani da ita jefi-jefi, sannan na ajiye ta a kan firji.

Ba a rufa mako biyu ba zazzaɓi ya kama autarmu wajen ƙarfe biyu na dare. An ɗauke wuta tun magariba, wayoyinmu duk sun mutu. Uwar yara ta ce, "Malam, ɗauko sabuwar tocilar nan mu ba ta magani." Na kunna, ta kama. Kafin in lalubo kwalbar parasitamol da ɗan kofin awo, hasken ya dusashe ya koma kamar garwashin da toka ta rufe. Layin 5 ml da na 10 ml a jikin kofin sai na kasa bambance su, ga yarinya tana kuka jikinta kamar wuta. Sai da na ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa a wannan tsohon dare na aro fitilarsa. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi, amma da na yi gangancin zuba maganin da ƙiyasi, ninki biyu na abin da ya kamata zan iya ɗura mata, kuma parasitamol idan ya wuce kima hanta yake taɓawa.

Washegari na kwance tocilar don in ga abin da na saya.

Mu fara da lambar da ke jikin kwali. Lumen ma'auni ne na yawan hasken da fitila ke fitarwa. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, wanda muka taso da shi a ɗakunanmu, yana ba da kamar lumen 800. Ke nan mai cewa 'yar tocilar da ke shiga aljihu tana ba da 10,000, cewa yake yi ta fi irin waɗancan ƙwayaye goma sha biyu idan an kunna su tare. Ƙwan LED yakan ba da kamar lumen 100 a kan kowane wat ɗaya, don haka irin wannan haske zai ci wutar da ta kai wat 100. Batir guda mai girman babban yatsa, ko da na ƙwarai ne, ba zai yi minti goma yana ciyar da wannan ba, ita kuma tocilar za ta yi zafin da hannu ba zai iya riƙe ta ba. Abin haushin ma, gida ba ya bukatar haka. Lumen 100 na gaskiya ya isa a karanta rubutun kwalbar magani, a je banɗaki a dawo.

Sai batirin. Na ciki irin wanda ake kira 18650 ne, sunan da ya samo daga girmansa: kauri milimita 18, tsawo 65. A jikin nawa an buga 9,800 mAh, wato yawan cajin da yake iya riƙewa. Manyan kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera wannan batir, nasu mafi ƙarfi bai wuce wajen 3,500 ba. Na ƙwarai yana da nauyin kusan giram 45, nawa kuwa sakayau na ji shi a hannu. Duk inda ka ga 9,800 ko 9,900 a jikin batir mai wannan girma, ka ajiye shi ka yi gaba.

Akwai kuma dalilin da ya sa hasken ke burge mutum a wurin mai talla sannan ya ba shi kunya a gida. Tocila mai kyau tana da ɗan allon lantarki da ke daidaita wutar da ke zuwa ƙwan, hasken ya tsaya yadda yake har batir ya kusa ƙarewa. Mai araha kuwa yawanci kusan kai tsaye ake jona ƙwan da batir, saboda haka mintocin farko ne kaɗai take da ƙarfi, daga nan sai raguwa. Mai sayarwa waɗannan mintocin yake nuna maka. Ƙari a kan haka, ƙwan LED ba ya shiri da zafi, yana bukatar ƙarfe a bayansa da zai kwashe zafin. Idan roba ce zalla, kwanansa gajere ne. Maɓallin kunnawa da wayar da ke danne batir su ma sukan yi tsatsa da wuri, musamman a gari mai laima irin Legas ko Fatakwal.

Kada a ce na tsani fitilar LED. Mu da muka yi karatu da aci-bal-bal da fitilar ƙwai mun san hayaƙin da muka shaƙa, mun san gidajen da kyandir ya ƙone, mun kuma san yaran da suka kurɓi kananzir da aka zuba a gorar lemo. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun samu kyautar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro LED mai shuɗin haske, wanda daga gare shi aka samu farin hasken da muke amfana da shi yau. Alheri ne babba. Tsoho mai fita alwalar asuba, da mai ratsa unguwa da damina ga kwatoci a buɗe, da wanda ya je ganin gida ƙauye lokacin kaka, duk tocila na iya raba su da karaya ko saran maciji. Masu aiki a asibitin Kaltungo da ke Jihar Gombe, wanda ya yi suna wajen jinyar saran maciji, sun san abin da tafiya cikin duhu ke jawowa, kuma riƙe fitila da dare na cikin shawarwarin kariya da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa. Matsalar ita ce tocilar da ka dogara da ita ta mutu a daidai lokacin da kake nemanta.

Wasu daga cikin masu arahar kuma su kansu hatsari ne. Batirin litiyom maras inganci na iya kumbura ko ya kama da wuta, musamman a nan da wuta ke dawowa da ƙarfi tsakar dare. Kada a jona tocila a bar ta a kan katifa a kwanta barci. Idan ta kumbura, ko tana zafi sosai lokacin caji, a daina amfani da ita. Manyan fitilun caji masu nauyi kuwa, da yawansu batirin dalma ne a ciki. Idan suka lalace kada a bar wa yara su fasa su yi wasa. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba mu manta ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yar tocilar maƙalin makulli da ta wasan yara, masu batir kamar maɓallin riga ko ƙwandala. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona hanyar abinci. A garzaya asibiti nan take, kada a sa shi amai, kada a ce a jira ya fito a kashi. Idan yaron ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma a kan hanya, har sau shida, amma kada neman zuma ya jinkirta tafiya. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a ba shi zuma ko kaɗan. Haka nan masu ɗan jan ɗigon haske na lesa, a raba yara da su, domin haska shi a ido na iya lahanta gani.

Ga masu jego kuma: farin hasken tocila mai arha yana da shuɗi-shuɗi, yana ɓoye launin fata. Ba da shi ake duba shawara a jikin jariri ba. A fito da shi hasken rana a duba idonsa da fatarsa.

To me za a saya? Ni dai yanzu ba na duba lambar kwali. Ina saye ne a shagon da zan iya komawa, in tambayi ko ana iya canza batirin. Da na zo gida sai in cika ta da caji, in kunna in ajiye a kan tebur, in duba agogo. Idan bayan awa biyu ina iya karanta ƙananan rubutun kwalin magani da haskenta, ta ci jarrabawa. Idan ta gaza, gobe ta koma inda ta fito. Ta caji kuma, ko ba a amfani da ita, a riƙa jona ta duk wata, domin batirin dalma idan ya daɗe babu caji mutuwa yake yi gaba ɗaya.

Bayan wancan daren na ƙara da wata 'yar ƙarama mai cin batir irin na agogon bango, wadda ba ruwanta da ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Na ɗaura mata igiya na rataye ta a ƙusa kusa da akwatin magani, inda hannun yara ba ya kaiwa, sababbin batura biyu na cikin leda a gefenta. Uwar yara ta kafa doka cewa ba mai ɗaukar ta zuwa kicin ko neman takalmi a ƙarƙashin gado, har ni.