Saƙon Shara: Wa Ke Zubarwa, Wa Zai Share?

A zangon karatun da ya wuce na rasa wani gwaji, ba don rashin lafiya ba, ba kuma don lalaci ba. Wakilin ajinmu ya aiko da saƙo cewa an dawo da gwajin ƙarfe takwas na safe, amma saƙon ya nutse a tsakanin tallan caca, da albishir ɗin wata kyautar da ban taɓa nema ba, da wata doguwar wasiƙa mai cewa in tura wa mutum goma. Na gaji, na kife wayar. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba ni kaɗai abin ya dama ba.

Turawa suna kiran irin wannan saƙo spam, kuma sunan yana da tarihi mai ban dariya. Asalinsa wani naman gwangwani ne da kamfanin Hormel na Amurka ya fito da shi a 1937. A 1970 'yan wasan barkwanci na Ingila da ake kira Monty Python suka yi wani wasa a talabijin, inda kusan kowane abinci a gidan cin abinci yake ɗauke da naman, wasu kuma suna ta rera sunansa har maganar kowa ta daina jiyuwa. Ma'anar ke nan: abin da ba ka nema ba, ya yi yawa har ya danne zance. Da yake ni Hausa a makaranta da kasuwa na koye ta, na daɗe ina tambayar abokaina Hausawa abin da ya kamata mu kira shi. Wasu suka ce saƙon banza. A nawa ra'ayi wannan ya yi faɗi da yawa, don aboki ma yana iya aiko maka da banza ka yi dariya ka ji daɗi. Na fi son saƙon shara, saboda shara wani ne ke zubarwa, wani kuma ya sha wahalar kwashewa.

Abin ba na yau ba ne. A 1978 wani ɗan talla mai suna Gary Thuerk ya aika wa mutane kusan 400 tallan kwamfuta ta ARPANET, wato kakar intanet, mutane kuwa suka fusata. A 2004 Bill Gates ya faɗa a taron Davos cewa cikin shekara biyu za a gama da matsalar. Mai karatu, duba wayarka ka yanke hukunci. Dalilin da ya sa abin ya ƙi mutuwa lissafi ne kawai. Mai buga takardar talla yana biyan kuɗin kowace takarda, shi kuwa mai saƙon shara kusan kyauta yake aika wa dubban mutane. Ko mutum ɗaya ya faɗa tarko, riba ta samu. Lokaci da kuɗin data kuwa namu ne suke tafiya.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Amurka ta yi doka a kansa a 2003. A nan gida sashe na 419 na dokar manyan laifuka ya yi suna har duniya ta laƙaba wa wasiƙun damfara lambarsa, abin da ba ya yi wa ɗan Najeriya daɗin ji. An kafa EFCC a 2003, aka yi dokar laifukan intanet a 2015, sannan a 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 don mai waya ya dakatar da tallace-tallacen da kamfanin layinsa ke turo masa.

Sai kuma matata, wadda ita ce ta fi shafarmu mu ɗaliban harshe. A 2002 Paul Graham ya yaɗa wata dabara mai sauƙi: a ba kwamfuta tarin saƙonnin kirki da tarin na shara, ta ƙirga kalmomin da suka fi fitowa a kowane ɓangare, sai ta riƙa auna sabon saƙo da wannan ma'auni. Wato aikin nazarin harshe ne tsantsa. To amma matata abin da aka koya mata shi ta sani. Wadda ta ƙoshi da Turanci ba lalle ba ne ta gane damfarar da aka rubuta da Hausa, balle ma yadda muke rubutu a waya: wannan ya rubuta kuɗi, wancan kudi, wani kuma ku'di. A wurinmu kalma ɗaya ce, a wurin na'ura mai ƙirga kuwa uku ce. Ga aikin kundin digiri nan a zaune yana jiran mai yi.

Duk da haka, sharar da ta fi ba ni tsoro ba daga baƙo take zuwa ba, daga hannun masoyi take zuwa. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya bazu a ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha. Iyaye suka tashi 'ya'yansu, 'yan'uwa suka kira juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun mutu a dalilin shan ruwan gishirin. Babu wanda ya tura wannan saƙo da mugun nufi, kuma babu matatar da za ta tare muryar uwa. WhatsApp ma, da yake tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, ba ya karanta abin da ke ciki. Abin da ya iya yi shi ne rage gudu: a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma wuri ɗaya ga saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa.

Wani zai ce, ai niyyata alheri ce, idan ƙarya ne ma me aka rasa? An rasa amana. Wanda ya turo maka ƙarya sau biyar, ranar da ya turo gaskiya ba za ka buɗe ba, kamar yadda ya faru da ni da gwajina. Alhali kuwa saƙon shara yana da nasa salo, kuma mu da aka koya wa nazarin salo bai kamata ya ruɗe mu ba. Yana gaggauta ka, yana yi maka alkawarin abin da ba ka yi wa aiki ba, ba ya faɗin wanda ya rubuta shi ko ranar da aka rubuta, a ƙarshe kuma ya umarce ka da ka tura. Idan na ga biyu daga cikin waɗannan, a wayata saƙon yake kwana.

Mai wuyar ita ce gaya wa babba. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, wanda a bakinsa na gyara Hausata, da yake turo mini irin waɗannan kusan kullum. Na yi wata guda ina juya maganar kafin na je na durƙusa na ce, “Baba, Allah ya ƙara girma, wancan saƙon na tallafin karatu na bincika, 'yan damfara ne, lambar banki suke nema.” Ya yi shiru, sannan ya ce ai ya riga ya tura wa 'ya'yansa duka. A nan muka zauna, yana karanto sunaye ina kira, har muka sami kowa kafin magariba.